Idan Tsoho Ya Ce "Na Kusa Tafiya"

Darasin farko da jinyar dattawa ke koya wa malami da ma'aikacin lafiya shi ne tsoho ba ya kiran mutuwa da sunanta. Sai dai ya tambayi inda aka ajiye likkafanin da ya zo da shi daga Makka, ko ya ce a kira masa ƙaninsa na ƙauye. Nan take 'ya'ya su ce, "Haba Baba, daina faɗar haka, za ka warke." Da wannan sun rufe masa baki, kuma ba lalle ya sake buɗewa ba. Gara a zauna ta wajen kunnen da ya fi ji, a rage jama'a a ɗakin, a ce, "Baba, akwai abin da kake so a yi maka?" Sai a yi shiru a jira.

Abin da ke fitowa galibi bashi ne, ko ajiyar wani, ko gonar da aka jinginar, ko ɗan uwan da aka shekara ba a gaisa ba. A rubuta a gaban shaidu biyu, da hantsi, domin tsofaffi da yawa hankalinsu kan ruɗe da yamma. A kuma fahimtar da shi cikin laushi cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kamar yadda Annabi (SAW) ya iyakance wa Sa'ad bin Abi Waƙƙas, ba a kuma yin ta ga magaji. Bashi ne ake fara biya kafin wasiyya da gado.

Sallah ta fi komai cin ransu. Akwai tsohuwar da kan daina sallah gaba ɗaya saboda an sa mata robar fitsari, tana ganin ba ta da tsarki, kunya kuma ta hana ta tambaya. Dole mai jinya ya fara ɗauko zancen. Yoyon fitsarin da ba ya yankewa uzuri ne. Idan ruwa na cutarwa, a ajiye dutsen taimama kusa da gado. Wanda ya kasa tsayuwa ya yi a zaune, in ya kasa ya yi a kwance ta gefensa, yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa sahabi Imrana bin Husaini.

Wa'azin azabar kabari ba na wannan ɗaki ba ne. Mai shirin tafiya ana so ya kyautata wa Allah zato, don haka a tuna masa rahama da alherin da ya shuka.

Wajen talƙini ake yawan kuskure. Mutum biyar su rufu a kansa, kowa na cewa "Baba, faɗi!" Mutum ɗaya da ya saba da muryarsa ya isa: ya furta La'ilaha illallah a hankali kusa da kunnensa. In ya faɗa, a ƙyale shi, sai in ya yi wata magana a sake. Kada kuma a ɗura wa wanda ya daina haɗiya zamzam ko rubutu, yana wucewa huhu ne ya shaƙe shi. A jiƙa auduga a shafa masa a leɓe.