Awon matsin iska a fankar akwatin shanya: mako na uku

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana. Har yanzu ina kan fankar kwamfuta mai aiki da batir, mai bolt 12 (bolt ma'aunin ƙarfin lantarki ne), da na ɗaura wa akwatin shanyar tattasai. So nake in san bambancin matsin iska tsakanin bayanta, inda take zuƙa, da gabanta, inda take hurawa.

Na'urar awo ta zamani ta fi ƙarfin aljihuna. Sai na sayo tiyon ƙarin ruwa a wani kemis wajen Ƙofar Ƙaura, na lanƙwasa shi kamar harafin U a jikin katako, na zuba ruwa, na ɗiga zoɓo don in riƙa ganinsa. Marar sukari fa, don sukari na ƙara wa ruwa nauyi. Baki ɗaya na tiyon ya tafi bayan fanka, ɗayan gaba. Ratar milimita 1 tsakanin ruwan ɓangarorin biyu daidai take da kusan Pascal 9.8 (Pascal shi ne ma'aunin matsin iska).

Da katakon yake tsaye, da ƙyar ruwan ya gusa milimita 2. Wa zai karanta wannan da rula? Sai na kwantar da shi, na tallafe kansa ya ɗaga santimita 3 a tsawon santimita 30. Yanzu motsin ya ninka sau 10. Ɗigon ruwan sabulu kuma ya hana ruwan maƙalewa a jikin tiyo.

Inda na sha kunya shi ne wajen huda. Na cusa tiyon cikin bututun da iskar fankar ke bi, bakinsa na kallon iska, ruwa ya yi sama, ni kuwa har da murna. Wani maƙwabcinmu mai gyaran firij ya leƙo ya ce, "Malam, ai gudun iskar ka haɗa a ciki." Gaskiyarsa. Matsin da nake nema ana ɗaukarsa ta ƙaramar huda a gefen bututu, bakin tiyo daidai da bangon ciki, ba tare da ko ɗan tsinin roba ya leƙo ba. Kuma a matsa nesa da fukafukan fanka, ninkin faɗin bututun sau da yawa, don a kusa da su iskar juyi take yi, ruwan ya yi ta rawa.

Da la'asar sakaliya awon ya sauka. Batir ne ya yi sanyi: gudun fanka in ya ragu da kashi 10, matsi kan ragu da kusan kashi 19. Yanzu kowane awo sai na rubuta bolt a gefensa. Gobe zan kakkaɓe ƙurar da ta toshe ragar baya in sake gwadawa.