Garuruwan hanyar goro

Mu 'yan unguwar Aboabo da ke Kumasi a ƙasar Gana mun san tashar motar Yeji kamar yunwar cikinmu, amma kaɗan ne ke tambayar me ya jera garuruwan hanyar haka. Goro ne.

Daga Kumasi har Mampong kurmi ne, ƙasar goro. Kana gangara tudun Mampong sai itatuwa su ja baya, ciyawa ta karɓi fili, kafin ka isa Ejura ka fara ganin kunyoyin doya da gonakin masara. Jakunan fatake ba sa jure kurmi saboda ƙudan tsando, shi ya sa ake ɗauko goro a kai a haɗu da su can arewa. Inda ayari ya yada zango ya daɗe, sai kasuwa ta kafu: Atebubu, Prang, Yeji a bakin kogin Bolta, sannan Salaga uwarsu duka.

Da Turawan Ingila suka ƙone Kumasi a 1874, cinikin Salaga ya fara ja baya. Yaƙin basasa na 1892 ne ya watsa mutanenta, wasu Kete Krachi, wasu Yeji.

Yeji ce ta fi ba ni tausayi. Bayan an gama madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya ci bakin garin, mashigin da ake tsallakewa a kwalekwale ya zama tafki. Yau ko Makango da ke tsallaken tafkin za ka, sai ka zauna kan buhunan gawayi kana jiran jirgin fito, ƙamshin bandar kifi na dukan hancinka.