Yadda Na Kwatanta Jiragen Ruwa Masu Dakon Jiragen Yaƙi

Lokacin da nake rubuta kundin digirina na biyu a fannin nazarin tsaro, na ɗauki tambaya guda: wane irin jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi ne ya dace da ƙasar da kasafin sojojin ruwanta bai taka kara ya karya ba? Na zana jadawali mai ginshiƙi uku, wato farashi da nauyi da yawan jiragen da kowanne ke ɗauka, ina ganin aikin ba zai wuce mako biyu ba. Sai da ya ci mini wata huɗu.

A jadawalin farko Brazil ce ta zo kan gaba, domin a 2000 ta sayi tsohon jirgin Faransa mai suna Foch a kan kusan dala miliyan 12, ta sauya masa suna zuwa São Paulo. Jirgi ne mai na'urar tururi da ke cilla jirgin sama kamar majajjawa, da igiyoyin ƙarfe masu cafke shi idan ya sauka, tsarin da ya fi kowanne ba jirgi damar tashi da cikakken mai da makamai. Malamin da ke duba aikina ya tambaye ni kwana nawa jirgin ya yi yana aiki a teku, na rasa amsa. Da na koma bincike sai na tarar bututun tururinsa ya fashe a 2005, ya shafe shekaru ana gyara, aka sanar da ajiye shi a 2017, aka nutsar da shi a tekun Atlantika a 2023. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma jadawalina bai da gurbin da zai nuna wannan zubar.

Na ƙara ginshiƙin kuɗin gyara da na horar da ma'aikata, nan take jerin ya birkice. Indiya ta ƙulla cinikin tsohon jirgin ruwa mai suna Admiral Gorshkov da Rasha a 2004, kuɗin gyaransa ya tashi daga ƙasa da dala biliyan 1 zuwa sama da biliyan 2, bai kuma shiga aiki ba sai 2013. Shi ba ya cilla jirgi, tudu ne a goshinsa da jirgi ke hawa da ƙarfin injinsa ya tashi, wanda ya rage tsada amma ya rage nauyin da jirgi zai iya ɗauka.

Labarin Tailan ne ya fi tsaya mini a rai. Sabon jirgi ta saya daga Sifaniya, Chakri Naruebet, ya shiga aiki a 1997, shekarar da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe. Tsofaffin jiragen yaƙi samfurin Harrier da aka haɗa mata da su sun rasa kayan gyara, aka daina amfani da su a 2006. Daga nan na fahimci cewa jirgin sama ake fara zaɓa, sannan a nemi jirgin ruwan da zai ɗauke shi.

A ƙarshe na fifita samfurin jirgin ruwan Sifaniya mai suna Juan Carlos na Ɗaya, domin yana ɗaukar sojoji da motoci da jirage masu saukar ungulu, yana kuma amfani wajen agajin bala'i, don haka ba ya zama a tashar ruwa ba aiki. Ostireliya ta mallaki guda biyu irinsa. Turkiyya ma ta gina Anadolu a kan wannan samfuri, sai dai Amurka ta cire ta a 2019 daga shirin F-35, jirgin yaƙin da ta so ɗorawa a kansa, dole ta karkata ga jirage marasa matuƙa, kuma ɗaya daga cikinsu mai suna Bayraktar TB3 ya tashi ya sauka a doron Anadolu a Nuwamban 2024. Saboda wannan na ƙara ginshiƙi na ƙarshe kafin in miƙa kundin, wanda ke nuna ƙasar da ke da ikon hana mai saye jiragen saman da zai ɗora.