Sabuntawar WordPress ta 2020 da Takardar Tuhumar da Ta Biyo Baya

Duk sabuwar sigar WordPress, manhajar da ake gina shafukan intanet da ita, takan fito da bayanai iri biyu, kuma a shekarun da na yi ina kula da shafin jaridarmu ta intanet a nan Kano na lura da wuya mutum ɗaya ya karanta su duka. Na farko shi ne sanarwar da ake yi wa jama'a, mai hotuna da jerin sababbin abubuwan da aka ƙara, wadda take isa ga shugabanni ta Facebook ko ta saƙon da ke fitowa a saman allon gudanarwa. Na biyu kuwa dogayen bayanai ne da ake wallafawa domin masu gina shafuka, inda ake faɗin abin da aka cire, da abin da aka sauya wa aiki, da irin tsofaffin shafukan da za su iya shiga matsala. Yanzu da nake miƙa aikin ga wanda zai gaje ni, na ga ya dace in rubuta abin da waɗannan bayanai biyu suka jawo a ofishinmu, domin mafi yawan abin da na koya a wannan aiki daga nan ya samo asali.

An fitar da siga ta 5.5 ranar Talata 11 ga Agusta, 2020, kuma adalci ne a ce ta zo da abubuwa masu amfani ƙwarai ga jarida irin tamu. Mafi muhimmanci a ganina shi ne jinkirta loda hotuna, ta yadda hoton da ke can ƙasan labari ba zai sauka a wayar mai karatu ba sai ya gangaro kusa da shi. Wanda ya san masu karatunmu ya san nauyin wannan, domin yawancinsu a waya suke buɗe shafin, ɗan kasuwa a rumfarsa a Kantin Kwari ko ɗalibi a Jami'ar Bayero, kuma kowannensu yana lissafin datar da ya saya. Sigar ta kuma fara samar da taswirar shafi da kanta, wadda ke nuna wa Google duk labaran da aka wallafa ba tare da an saka wata manhaja ta musamman ba. Sannan ta ba da damar kunna sabuntawa ta kai tsaye ga kowace fulogin, wato ƙaramar manhajar da ake ƙara wa shafi domin wani aiki, da kowace rigar shafi, wato tsarin da ke ba shafi kamanninsa, abin da tun siga ta 3.7 a 2013 ake yi wa ƙananan gyare-gyaren tsaro na WordPress ɗin kansa kawai. An kuma ƙara wa Gutenberg, sabon editan da ake rubuta labari a cikinsa, tsararrun zubi da ake ɗorawa a labari kai tsaye, da damar yanke hoto ko juya shi a cikin rubutun, ko da yake wannan bai shafe mu ba, saboda tun da Gutenberg ya zo a Disamban 2018 editocinmu suka ƙi shi, muka ci gaba da tsohon edita ta hanyar fulogin ɗin Classic Editor.

Abin da bai fito sarari a sanarwar ba shi ne an daina loda wata ƙaramar manhaja mai suna jQuery Migrate. Aikinta shi ne ta riƙa fassara tsofaffin umarnin da aka riga aka soke a jQuery, tarin umarnin da ke sa maɓallai da sauran sassan shafi su yi motsi, domin su ci gaba da aiki, kuma dubban riguna da fulogin da aka rubuta shekaru da suka wuce a kanta suke jingine, ko masu su sun sani ko ba su sani ba. Masu kula da WordPress ba su ɓoye wannan ba. Tun a watan Yuni suka bayyana cewa za su sabunta jQuery daki-daki a sigogi uku, kuma cire Migrate ne matakin farko, har suka fitar da fulogin na gwaji domin kowa ya duba shafinsa tun kafin ranar.

Na karanta wannan bayani, kuma na san rigar shafinmu tana cikin waɗanda za su ji a jika. Wani ɗan kwangila ne ya ɗora ta tun kafin a ɗauke ni aiki, bai bar mana lasisi ba, saboda haka duk gyaran da masu ita suka fitar bai taɓa iso mana ba. Da na buɗe fayilolinta na tarar da umarnin nan na live, wanda aka cire daga jQuery tun siga ta 1.9, a wurare da dama, ciki har da wanda ke buɗe jerin sassan jarida a waya. Abu biyu na nema daga shugaban sashenmu: kuɗin lasisin riga, da ƙaramin masauki na daban a intanet inda zan kafa kwafin shafin in gwada sabuntawar kafin a taɓa na ainihi. Lokacin kuwa ba a daɗe da ɗage dokar kulle ta korona a Kano ba, tallace-tallace sun ja baya, kuma ban musa cewa kuɗi sun yi wuya ba. Sai dai abin da na nema bai kai kuɗin man janareta na 'yan kwanaki ba.

Amsar da ya ba ni har yau ina tuna ta. Ya juyo mini da wayarsa, sanarwar tana buɗe a kai, ya ce, "Injiniya, ga shi sun ce shafi zai ƙara sauri kuma Google zai fi ganinmu, kai kuma kana cewa mu jira. Mu jira me?" Na ce, "Ranka ya daɗe, saurin gaskiya ne, amma rigarmu tsohuwa ce, in aka sabunta yau akwai abubuwan da za su tsaya. A ba ni wurin gwaji, ko a bari gyaran farko ya fito." Ya ce ya ji, za a duba. A baki muka yi wannan magana, mu biyu, a bakin ƙofar ofishinsa.

Washegari da sassafe editan da ke aikin safe ya kira ni, ya ce shafin ya ƙi karɓar hoto. Kafin in iso daga gida ƙorafin ya yawaita. Na same shi yana danna maɓallin saka babban hoton labari, yana sake dannawa, allon bai ko motsa ba, ga labarai sun taru a gabansa. A waya kuma layukan nan uku da ke buɗe sassan jarida sun daina amsawa, hotunan manyan labarai da ke juyawa a shafin farko sun jeru a kan juna. A ƙasan allon gudanarwa na ga lambar 5.5, na kuma ga an kunna sabuntawa ta kai tsaye ga kowace fulogin da muke da ita. Da na buɗe wurin da burauza ke nuna kurakurai, jan layi na farko yana cewa live ba umarni ba ne da aka sani. Haka JavaScript, harshen da aka rubuta jQuery da shi, yake, kuskure guda a farkon fayil yakan tsayar da duk abin da ke bayansa a wannan fayil, shi ya sa matsala ɗaya ta bayyana kamar matsaloli goma.

Mu biyu ne kaɗai muke da asusun da ke da ikon sabunta shafin, ni da shugaban sashe, kuma ban taɓa maɓallin ba.

Gyaran bai ɗauki tsawon lokacin da aka riƙa faɗa daga baya ba. Ina da kwafin ajiya, amma mayar da shi zai goge labaran da aka wallafa cikin dare, don haka na ajiye wannan a matsayin mafita ta ƙarshe. Na fara kashe sabuntawar kai tsaye domin kada wani abu ya sake sauyawa ina tsakiyar aiki, sannan na saka fulogin ɗin Enable jQuery Migrate Helper, wanda masu WordPress da kansu suka fitar domin shafukan da suka faɗa irin wannan hali, kuma nan take maɓallan suka dawo. Kafin azahar editoci sun koma wallafa labarai. A makonnin da suka biyo baya na bi fayilolin rigar ɗaya bayan ɗaya ina musanya tsofaffin umarnin da sababbi, mafi yawa da dare bayan an tashi daga aiki, kuma da siga ta 5.6 ta zo a Disamba da jQuery 3.5.1, wadda ta sake girgiza shafuka da dama, namu bai ko yi tari ba. Babu wanda ya lura da hakan a ofis, domin ba a lura da matsalar da ba ta faru ba, amma ni na san abin da ya hana ta.

Kafin ƙarshen makon da shafin ya tsaya aka miƙo mini takardar tuhuma, ana neman in bayyana dalilin da ya sa na bar shafin jarida ya lalace saboda rashin shiri. A zaman da aka yi gaban mai jaridar, shugaban sashen bai ce shi ya danna ba, bai kuma ce ni na danna ba. Cewa ya yi kula da lafiyar shafi aikin injiniya ne, kuma da an shirya shafin yadda ya kamata, da sabuntawa ba ta karya shi ba. Na ce na yi gargaɗi, na kuma nemi kayan aiki. Aka tambaye ni ina shaida, ba ni da ita. WordPress ba ya ajiye tarihin wanda ya sabunta shi sai an saka masa fulogin na musamman, bayanan saba kuma, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, adireshin intanet ɗin ofis kaɗai suka nuna, wanda kowa da ke ofishin yake amfani da shi. Aka yanke mini wani kaso na albashin watan, aka saka takardar a fayil ɗina.

Na daɗe ina nazarin wannan zama, kuma abin da na fahimta shi ne an raba iko da alhaki gida biyu: wanda yake da ikon danna maɓalli da ikon hana kuɗi daban, wanda zai amsa tambaya in abu ya lalace daban. Maganarsa cewa da an shirya shafin da bai karye ba gaskiya ce, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, amma shi ne ya hana shirin, shi ne kuma ya zaɓi ranar tafiyar. Ban ce ya yi da mugun nufi ba. Na yarda ya karanta sanarwar ya ga alheri, ya so jaridar ta samu, kuma maɓallin yana gabansa, shuɗi, yana kiran a danna. Abin da ban yafe ba shi ne shirun da ya yi a gaban mai jaridar alhali kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke ni.

Saboda haka shawarar da na fi nanata wa duk mai irin aikina ta shafi asusu ne kafin ta shafi fasaha. WordPress yana da matakan iko guda biyar a shafi na yau da kullum, kuma matakin edita ya ishi kowane shugaba ya wallafa, ya gyara, ya goge duk labarin da ya ga dama, ba tare da ya ga maɓallin sabuntawa ba. Ba raini ba ne a ba shugaba asusun edita, ko da yake a ofisoshinmu haka ake ɗauka, kuma na sha wahala kafin mai jaridar ya amince da hakan. Tun daga lokacin kuma duk gargaɗin da zan yi, ko da mun gama magana a baki cikin raha, nakan koma kujerata in aika shi a rubuce ta imel, in faɗi abin da na nema da abin da zai faru in ba a yi ba. An ce na cika son takarda, na kuma karɓi wannan suna hannu biyu.

Game da sababbin abubuwan da sigogi ke kawowa, ban zama mai ƙinsu ba, kuma ba na so wanda zai gaje ni ya zama haka. Jinkirta loda hotuna ya rage wa masu karatunmu nauyi kamar yadda aka alkawarta. Da siga ta 5.8 ta fara karɓar hotunan WebP, wani tsarin hoto mara nauyi, a Yulin 2021 na mayar da hotunanmu wannan tsari, shafin farko ya ƙara sauƙin buɗewa inda sabis ba shi da ƙarfi. Sashen duba lafiyar shafi da yanayin farfaɗowa da suka zo tun siga ta 5.2 a 2019 sun sha cetona idan wata fulogin ta kawo babban kuskure. Daga baya an ƙara tsarin mayar da fulogin tsohuwar sigarsa idan sabuntawa ta gaza, na hannu a 6.3 cikin 2023, na kai tsaye a 6.6 cikin 2024. Yana da kyau a sani cewa ko da waɗannan suna nan a 2020 ba za su cece mu ba, domin a idon WordPress sabuntawar ranar ta yi nasara, a burauzar edita da ta mai karatu ne abin ya tsaya, kuma mutum ne kaɗai da ya buɗe shafin gwaji ya danna maɓallan da hannunsa zai gano irin wannan.

Sauran darussan gajeru ne. A jira ƙaramin gyaran da ke biyo bayan babbar siga, kamar yadda 5.5.1 ta fito ranar 1 ga Satumba, amma kada a jinkirta gyaran tsaro. Kada a karɓi shafi daga ɗan kwangila sai da lasisin duk abin da ya ɗora. A gwada mayar da kwafin ajiya lokaci-lokaci, domin a tabbata yana buɗewa. Duk rigar da za a saya a fara rubuta ƙ da ɗ da ɓ a cikinta a gani, saboda wasu haruffan ado ba su da su, sai su fito da wata siffa daban a tsakiyar kalma.

Shafin da nake bari yana da riga mai lasisi, wadda aka saya bayan an yi asarar da ta fi kuɗinta, yana da wurin gwaji, yana kuma da fulogin da ke rubuta sunan duk wanda ya sauya wani abu da lokacin da ya sauya. Asusun gudanarwa guda ɗaya ne, na miƙa shi ga magajina tare da bayanin komai a rubuce. Da na ba da sanarwar ajiye aiki na haɗa da buƙatar a janye takardar tuhumar nan daga fayil ɗina, tun da dai duk matakan da na nema a wancan lokaci an zo an ɗauke su daga baya. An amsa mini batun ranar tafiya da batun haƙƙoƙina, amma ba a ce komai a kan takardar ba.