Yadda ɗan batiri ya kusa sa na goge aikin ɗalibai

Ina da ɗan shagon buga takardu a Zariya, kusa da ƙofar wata makarantar gaba da sakandare. Firinta biyu ne da injin kwafi ɗaya, sai kwamfutar tebur da na saya ta hannu, mai Core i5 ƙarni na 3, irin waɗanda aka ƙera wajen 2012. Windows 10 ce a kanta. Furojet ɗin ɗalibai, katin biki, takardun neman aiki, duk a cikinta suke kwana.

Da Babbar Sallar 2025 ta zo, muka zare komai daga soket, muka kulle shago kwana 9. Ranar da muka dawo, yaron shagona ya kunna ta, sai ga baƙin allo da rubutu, tana neman a danna F1. Ya danna. Tambarin Windows ya fito, ɗige-ɗigen nan suka ɗan zagaya, sai shuɗin allo, a ƙasansa an rubuta INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Ta kashe kanta ta sake tashi, abin bai canza ba. A karo na uku ta shiga gyaran kanta, ta daɗe tana juyi, daga ƙarshe ta ce ta kasa.

Muna cikin haka wata ɗaliba ta shigo. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta ce, "Malam, babi na huɗu da na biyar fa suna wajenka. Gyaran da muka yi kafin Sallah ban kwafa ba." Mako mai zuwa za ta kare aikinta gaban malamai. Na ce mata ta dawo gobe da yamma, ta fita tana share ido da gefen hijabi.

Na ɗora kwamfutar a babur na kai wa wani mai gyara da muka saba. Yana ganin shuɗin allon ya ce, "Malam, Windows ce ta mutu. Fomat za a yi, nan da awa biyu ka zo ka ɗauka." Na ce kayan ciki fa? Ya ce abin da ke ɓangaren D na faifai zai tsira, na kan allo kuwa sai haƙuri. To mu kusan komai a kan allo muke zubawa, don ya fi saurin nema idan mai shi ya dawo. Ban ga laifinsa ba, kwamfutoci sun fi goma a layi suna jiran sa, fomat kuma ita ce hanyar da ta fi sauri. Amma ni amanar mutane ce a cikin faifan nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na yi masa godiya na dawo da ita shago.

Kafin na taɓa Windows ɗin, sai da na fara ceto fayiloli. Na ari laftof ɗin maƙwabcina, na sauke Linux Mint, wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows, na sa ta a filash da manhajar Rufus. Amfanin Linux Mint a irin wannan hali shi ne tana tashi daga filash ɗin kai tsaye, ba sai an girka ta ba, ba ta kuma rubuta komai a faifan kwamfutar sai ka ce ta yi. Da ta tashi na buɗe faifan, sai ga komai zaune lafiya: foldar ɗalibai, zanen katuna, har hotunan fasfo na bara. Na kwashe su kaf zuwa wani faifai na waje. Sai da na buɗe babi na biyar na yarinyar nan na gan shi cikakke sannan na iya shan ruwa.

A nan idona ya kai kusurwar allo. Kwanan watan da ke wurin ya koma shekaru can baya, ranar 1 ga Janairu. Sai na tuna tun kafin azumi agogon kwamfutar ke ja da baya, wani lokaci burauza ta ƙi buɗe shafi ta ce agogonmu ba daidai yake ba. Mukan gyara mu ci gaba da aiki. Na tambayi yaron ko ta taɓa neman F1 kafin yau, ya ce, "Sau biyu, Oga, amma da na danna ta wuce."

Na buɗe murfin. Ƙurar hunturu ta yi tabarma a kan fanka da ramukan iska, na kaɗe ta da busasshen buroshi. A kan babban allon na'urar akwai wani ɗan batiri mai kama da kwabo, CR2032, mai ƙarfin bolt 3. Aikinsa riƙe agogo da saitin BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, idan babu wuta. Namu ya daɗe yana ja da ƙyar, kwanakin nan da kwamfutar ta yi ba a jone ba suka ƙarasa shi. Da ya mutu, sai BIOS ta manta duk abin da aka saita mata ta koma saitin masana'anta.

Ga inda shuɗin allon ya samo asali. A cikin BIOS akwai wurin da ake zaɓar yadda kwamfuta za ta yi magana da faifanta: tsohuwar hanya IDE, ko AHCI. Windows tana shirya direba, wato 'yar manhajar da take magana da faifai da ita, na hanyar da ta tarar ranar da aka girka ta, shi take ɗauka da farko duk lokacin da za ta tashi. Tamu an girka ta a kan AHCI. Saitin masana'anta na babban allon na'urar tamu kuwa IDE ne. Don haka Windows ta fara tashi, ta nemi faifanta ta ƙofar da ta sani, ta tarar an canza ƙofa. Abin da rubutun nan yake faɗa ke nan tun safe: na kasa isa ga faifan da zan tashi daga shi. Bai ce Windows ta lalace ba.

Na aiki yaron wajen mai gyaran agogo ya sayo batirin, kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba. Na sa shi, na shiga BIOS na gyara kwanan wata, na mayar da saitin kan AHCI, na adana. Tambarin Windows ya fito, ɗige-ɗigen suka zagaya, sai ga hoton allonmu da duk tarkacen da ke kansa yadda muka bar shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, da an yi fomat ɗin, da kwamfutar ta tashi. Sabuwar Windows za ta zauna a kan IDE ba gardama, kowa ya ce gyara ya yi. Amma mataccen batirin yana nan, kwanan wata zai ci gaba da ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta, shafukan banki da na rajistar makaranta su riƙa ƙin buɗewa. Ga fayilolin mutane sun tafi, ga direbobin firinta, ga nau'o'in haruffan da na tara don katin biki, ga kibod ɗin Hausa da na saita don buga ƙ da ɗ da ɓ. Shi ya sa yanzu duk wanda ya zo min da maganar shuɗin allo, nakan ce ya ɗauki hoton rubutun da waya kafin ya yarda a goge masa komai.

Ban tsaya nan ba, domin lokacin da nake kwafar fayiloli na ji faifan yana tsayawa yana ƙas-ƙas a wasu wurare. Na duba lafiyarsa da CrystalDiskInfo, sai ta nuna launin rawaya na gargaɗi, wato akwai sassan da ya fara kasa karantawa. Da wuta tana yawan yankewa yana tsakar rubutu, ga shekaru, ban yi mamaki ba. Na sayi SSD, wato faifan zamani mai sauri, mai 512GB, na yi amfani da Clonezilla na kwafe tsohon faifan mai 500GB gaba ɗaya zuwa kanta, tare da zaɓin da ke tsallake sassan da suka lalace. Bayan nan na buɗe wurin rubuta umarni da ikon mai kula na buga sfc /scannow, ta gano wasu fayilolin Windows da suka taɓu ta gyara su. Kwamfutar da take cin minti uku kafin ta shirya, yanzu kafin yaro ya gama share tebur ta tashi. Na kuma kashe saitin nan na tashi da sauri da aka shigo da shi tun Windows 8, domin ba ya bari ta mutu gaba ɗaya, kuma yana iya kulle faifan idan ka zo cetonsa da Linux.

Saura matsala ɗaya da batiri ba zai warware ba. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma tana neman wata 'yar na'urar tsaro mai suna TPM 2.0 da Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, tamu ba ta kai ba. Na san akwai dabarun cusa ta da ƙarfi, amma ba zan yi wannan gwaji a kan kwamfutar da nake ci da ita ba. Sai na raba SSD ɗin gida biyu. Windows 10 tana gefe saboda CorelDRAW da Word, ba na barin ta kan intanet. Linux Mint 22, wadda za a ci gaba da sabunta ta har 2029, na girka a ɗaya gefen, da ita muke rajista da buɗe imel, a kanta kuma muke fara soka filash ɗin da ɗalibai suke kawowa. Yaron ya yi kwana biyu yana lalube, yanzu shi yake nuna min wasu abubuwan.

Foldar ɗalibai ta bar kan allo ta koma wani ɓangare daban, kuma duk Alhamis kafin mu rufe ana kwafe ta zuwa faifan waje, in tafi da shi gida. Na manna 'yar takarda a cikin murfin kwamfutar, na rubuta watan da aka sa batirin da kuma kalmar AHCI, don wanda zai buɗe ta bayana. Yarinyar nan ta dawo washegari bayan la'asar kamar yadda muka yi, muka gyara mata shafi biyu da malaminta ya yi wa jan biro, na buga mata kwafi huɗu.