Kaskon Ruwan Tsuntsaye da Cutar Maƙogwaro

Duk bazara, idan zafi ya tsananta, nakan ajiye kasko cike da ruwa a gindin darbejiyar da ke tsakar gidanmu, inda kurciyoyi da tattabarun maƙwabta da ƙananan tsuntsaye suke sauka su sha. Na daɗe ina yin haka da niyyar sadaka, ban taɓa kawowa a raina cewa kaskon zai iya cutar da masu shan ba, sai da na karanta abin da ya faru a Birtaniya.

Mutanen can suna da al'adar rataye wa tsuntsayen daji abinci a lambunan gidajensu. A shekarar 2005 aka fara ganin wata cuta a jikin wani ɗan tsuntsu kore mai kama da kanari, wanda suke kira greenfinch. Ƙwayar da ke haddasa ta, wato Trichomonas gallinae, tsohuwar abokiyar zaman tattabaru da kurciyoyi ce, kuma masana sun fi zaton daga gare su ta tsallaka zuwa ƙananan tsuntsaye a wuraren da suke haɗuwa ci da sha. Zuwa 2009 yawan wannan tsuntsu ya ragu daga kimanin miliyan 4.3 zuwa miliyan 2.8, kuma a 2021 aka sanya shi cikin jerin tsuntsayen ƙasar da halinsu ya fi tayar da hankali.

Yadda cutar take kisa shi ne abin da ya fi taɓa ni. Tana haifar da ƙuraje masu launin rawaya a baki da maƙogwaro, har hanyar abinci ta toshe, sai tsuntsun ya tsugunna a gaban hatsi, gashinsa a tashe, fuskarsa jiƙe da yawu, yana tsattsaga yana dawo da abin da ya ɗauka saboda ya kasa haɗiyewa. Wannan tsabar da ya tofar, da ruwan da ya tsoma bakinsa a ciki, su ne suke kai cutar ga na bayansa. Tattabara kuwa takan ba 'ya'yanta ita a cikin abincin da take ɗura musu baki da baki, kuma shahon da ya ci mai ɗauke da ita yakan kamu. Ba ta kama ɗan Adam, ko da yake ina wanke hannu da sabulu saboda wasu cututtukan da ke cikin kashin tsuntsaye.

Ƙwayar ba ta jure bushewa, mu kuwa rana ba ta yi mana rowa ba. Yanzu kasko biyu nake da su: ɗaya yana ɗauke da ruwan yau, ɗaya kuma na wanke shi na shanya a kan katanga har gobe. Ranar da na ga kurciya ta yi laushi tana kasa haɗiya, nakan ɗauke su duka biyun na wasu makonni domin taron ya watse.