Abin da jinyar tsofaffi ta koya mini a asibitin unguwa

A asibitin sha-ka-tafi irin wanda nake aiki a cikin garin Katsina, kusan komai an tsara shi ne don mai ciki da mai goyo. Ranar awo daban, ranar rigakafi daban, hotunan bango ma na shayarwa ne da gidan sauro. Tsoho in ya zo baƙo ne: a gwada masa jini, a rubuta magani, a ce ya rage gishiri. Abin da na sani game da tsofaffi a tsakar gidajen mutane na koye shi, in an aiko yaro ya ce, "Malama, Inna ta ce don Allah ki zo ki duba Baba."

Wanda ke kai tsoho asibiti ba shi ne mai jinyarsa ba. Babban ɗa ne ke zuwa, ya biya kuɗi, likita ya yi masa bayani, ya gyaɗa kai, ya koma kasuwa ko ofis, wani ma ya kama hanyar Abuja. Wadda za ta yi wanki, ta ba da magani cikin dare, tana gida ba ta ji komai ba. Galibi matar dattijon ce da ke fama da nata hawan jinin, ko ɗiyarsa da aurenta ya mutu, ko jika 'yar sakandare da zuwanta makaranta ya fara tsinkewa ba wanda ya ce uffan. Shi ya sa kafin in fara bayani nakan tambaya, "Alhaji, wa ke kwana da Baba?" In aka ce wance, sai in ce a kira mini ita.

Ita nake nuna wa yadda ake juya mai shanyewar ɓarin jiki duk bayan awa biyu, da wuraren da gyambon kwanciya ke fara tsirowa: ƙugu, ƙasan baya, duddugen ƙafa. In fata ta yi duhu ta ƙi washewa, an fara ke nan. Ita nake gaya wa kada a ɗura masa kunu yana kwance, a zaunar da shi tukuna, don abin da ya sarƙe shi huhu yake tafiya. Sannan in ce ta kawo mini ledar magani gaba ɗaya. A nan ake ganin abin mamaki: na asibiti, na kemis, na maƙwabci da aka ce ya yi masa amfani, wani lokaci magani ɗaya da suna biyu ana haɗa masa. Maganin hawan jini kuwa an ajiye shi tun ranar da kai ya daina ciwo.

Akwai kuma maganar kunya, wadda babu ita a littafin da muka karanta. Suruka ba za ta yi wa uban mijinta tsarki ba, shi ma ya gwammace ya kwana a jiƙe da ya bari ta gan shi. In ba a zaunar da 'ya'ya maza an raba musu safiya da dare ba, famfas ɗin manya komai tsadarsa ba zai hana ciwo ba.

Taimako akwai, sai dai a warwatse yake, ba ƙofa ɗaya da za ka ƙwanƙwasa a ce nan ne ofishin tsofaffi. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan a Ibadan aka buɗe ta a 2012. Gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar dattawa ta ƙasa da ta fara aiki a 2021, amma mai jinya a Ƙofar Marusa ko Rafindaɗi ba ta jin motsinta. Abin da ya fi kusa da mu shi ne asusun lafiya matakin farko da dokar 2014 ta tanada, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta sa tsofaffi cikin masu rauni. A nan jihar hukumar taimakekeniyar lafiya ce ke yin rajistar masu cin gajiyar wannan tallafi, ta hannun asibitocin mazaɓu. Gurabe ba sa isa, kuma rajistar lokaci gare ta. Wanda ya saba leƙa asibitin mazaɓarsa, ko yake gaisawa da mai unguwa da 'yan kwamitin lafiya, shi ke jin labari da wuri. Wannan ba adalci ba ne a ganina, amma haka abin yake tafiya.

Takardu su ne inda ake kayar da mutane. Duk inda ka je lambar NIN za a fara tambaya. Tsoho ya kwanta, sannan a gano ranar haihuwar da ke katinsa ta saɓa da ta banki, ko sunan mahaifi ya canza wuri. Zanen yatsan manomi ko maƙeri mai shekara 80 ya goge, na'ura ta ƙi karɓa. 'Yan fansho kuma ga tantancewa. Tsofaffin ma'aikatan tarayya da ke ƙarƙashin hukumar fansho ta PTAD yanzu suna iya tabbatar da suna raye ta waya, da hoton fuska, amma sai an samu jika mai haƙuri ya zauna ya yi musu. Nakan ce wa mutane su gyara takardun iyayensu tun suna iya hawa babur da kansu.

Gashin ƙashi yana Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yau mutane ke kira FMC, yana kuma asibitin Janar Amadi Rimi, kuma watannin farko bayan shanyewar jiki su ne masu muhimmanci, ba a ɓata su wajen jira. Yanar ido aiki ake yi mata a gani, lokaci-lokaci ma ana shelar aikin kyauta a rediyo. Hawan jinin ido ne mugu, abin da ya ci ba ya dawowa, don haka tsohon da ganinsa ke raguwa a kai shi asibitin ido, ba wajen mai kwalli ba. Keken guragu kuwa, kafin a saya a tambayi liman. Akwai gidajen da mai shi ya rasu, keken na jingine a sito yana tsatsa, magada ba su san wa za su ba ba. Hukumar zakka da waƙafi ta jiha ma ƙofa ce, in mai unguwa ya tsaya wa mutum.

Rikicin tsufa ya fi komai cin ran mai jinya. Tsohuwa ta ce an sace mata zane, ta ce ba a ba ta abinci ba alhali yanzu aka ɗauke kwano, baƙi su ji su fita da maganar. Wasu su ce iska, wasu su faɗi abin da ya fi haka muni. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, likitocinsa suna nan, kuma gardama da mai shi ba ta da amfani. Amma in rikicewar ta zo farat ɗaya, jiya lafiya yau ba ta gane kowa, a hanzarta asibiti, don sau da yawa ciwon fitsari ne ko suga ya faɗi, kuma ana warkewa.

Duk gidan da na shiga, in na gama da mai ciwo nakan ɗaura wa mai jinyar abin awon jini. Da yawa nasu ya fi na wanda suke jinya hawa. In ka tambaya ta ce, "Ai lada muke nema, Malama." Gaskiya ne, ladan ne ma ya sa ba ta iya buɗe baki ta ce ta gaji, don kada dangi su ce ta gaji da uwarta. Sai ni in faɗa a madadinta. Nakan sami babban wan in ce, "Yaya, kuɗin da kuke aikowa Allah ya saka, amma kuɗi ba ya tashi cikin dare. Ku fitar da kwana ɗaya a mako wani ya karɓe ta, ta je gidan ƙawarta ko ta yi barci." Wasu su ji haushi, su ce me ya shafe ni da gidansu. Wasu kuma su ɗauki waya nan take su fara kiran ƙannensu.